Musayar Waƙa: In Linzami Ya Tsinke

Mai Tawada (mai kula da zaure):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maudu'in wannan makon shi ne hargitsi a adabi, wato yadda marubuta ke kama lokacin da al'amari ya fi ƙarfin masu shi, gari ya rikice, ko mutum ya kasa riƙe kansa. Ban ƙayyade kari ba, kowa ya hau dokin da ya iya. Sharaɗi biyu ne kamar kullum: ban da zagin iyaye, ban da siyasar jam'iyya. Ni na ɗauko nawa daga marubuci Chinua Achebe, wanda littafinsa na 1958, Things Fall Apart, ya aro suna daga wata waƙa da Yeats, mawaƙin ƙasar Ailan, ya rubuta a 1919, duniya na fitowa daga babban yaƙi.

Da sunan Mai riƙe sammai bakwai,
Ba ginshiƙi, ba sa faɗowa.
Na zo da batun da ya dame ni,
Mawaƙa, ku zo da amsawa.
Achebe ya gina Umuofiya,
Da dodanninta da dattawa,
Ya ɗauko jarumi Okonkwo,
Ɗan kokawa mai kayarwa.
Sai ya sa ƙasa ta zame masa,
Dangi na gani suna janyewa.
Ya sare ɗan aike shi kaɗai,
Ya waiga, babu mai biyowa.
To me ya sa alƙalami ke son
Ya yi gini domin rushewa?

Ɗan Birni:
Yaya Mai Tawada, sannu da ƙoƙari, amma ka yi nisan kiwo.

Ka tsallake Kwara da Binuwai,
Ka sha wahala a tafiya.
Abin da ka je nema can Kudu
Yana nan Dala, kan hanya.
Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa
Tukur, birni ya ƙi lafiya.
Yusufu ya fice ya nufi Takai
Da 'yan'uwa da barori da dawakai da bindigogi da 'yan rakiya.
Ɗan'uwa ya ɗana wa ɗan'uwa baka,
Aka ƙare ta a Tafashiya.
Kano, ko da me ka zo an fi ka,
Ko da rikici ne, gaskiya.

Basasar 1893 zuwa 1895 nake nufi. Kuma ku lura da wani abu: tsohon kundin sarakunan Kano, wanda ya faro daga Bagauda, a kan Sarki Bello ya tsaya. Daidai inda ƙura za ta tashi, nan aka ajiye alƙalami.

Bazazzagiya:
Kai jama'a, ku zo ku ji Bakano,
Har basasa ya mai da bajinta!
Gidansu ya ci wuta ƙurmus,
Ya fito yana tallan tokarta.
An ce a kawo ta a adabi,
Ka kawo yaƙin neman sarauta.
Ina littafin? Ina waƙar?
Ko sai mu Zazzau mu rubuta?
Mu namu sarkin mawaƙi ne,
Ɗansidi, Allah ya gafarta.
Ya ga zamani ya juya baya,
Mai gari ya koma yin bauta,
Bai tsaya yana cika baki ba,
Tabarƙoƙo ya bar a karanta.

Aliyu Ɗansidi ya hau gadon Zazzau a 1903. Turawan da suka naɗa shi su suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja, can ya rasu. Ga mutumin da linzami ya kuɓuce wa a hannunsa da gaske, kuma da habaici ya faɗi abin da ke ransa, bai yi ihu ba.

Uwar Biyu:
Anti ta gama magana! A kawo ruwa a yayyafa wa Kanawa.

Na-Fagge:
Wace magana ta gama? Ɗan Birni, kada ka raga mata, muna bayanka.

Ɗan Birni:
Sannu Bazazzagiya, 'yar garin
Da mace ne, mota ne, rana ne.
Ku da kuka kasa riƙe "ce" ɗaya,
Ku za ku koya mana tsari ne?
Hargitsin da ake nema a littafi
A bakinku yake, a zaune ne.
Ɗansidi gwani, na sara masa,
Ke dai aron rigarsa kika yi ne.
Kawo naki, ki bar na kakanni,
In babu, shiru ma baiti ne.

Bazazzagiya:
Wai in bar na kakanni. Tukur da Yusufu abokan makarantarka ne? Jira ni in sauke tukunya.

Sabon Shiga:
Salam, yau na fara, a yi mini uzuri.

Hargitsi abu ne marar kyau,
Yana kawo tashin hankali sosai,
Mu guje shi 'yan'uwa,
Mu zauna lafiya kawai.

Uwar Biyu:
Sannu ƙanena, kowa da ranar farawarsa. Ci gaba.

Malam Mai Aruli:
Na karanta abin da anka rubuta tun daga sama. Na Sabon Shiga ban san inda za ni kama shi ba, na bar shi. Amma akwai wanda ba ya baruwa.

Ku tsaya ku ji, yara, waƙar nan
Linzami nata, ku san shi: kari.
Mai son zancen rikicin birni,
Shi kansa ya zauna kan tsari.
Mai waƙa in har ya ruɗe,
Wa zai kai labarin ga gari?
Baitin da ka miƙe, Ɗan Birni,
Ai ya zarce gona da iri.

Baitin Takai nika nuhi. Ɗangon farko gaɓa 11, na biyu gaɓa 22. Wanga ba baiti ba ne, ayari ne.

Ɗan Birni:
Allah ya gafarta Malam, ai ayarin nake so a gani. Da gangan na yi. Mutanen da suka fice daga birni da fushi ba su jera sahu ba, don me ɗangon da ya kwaso su zai jera?

Malam, yaƙi ba ya bin sahu,
Mai gudu ba ya ƙirga taku.
In gari ya watse a cikin baiti,
Bari baitin ya watse a gabanku.
Ku kun ɗaure guguwa da igiya,
Kun ce ta rusuna ta gaishe ku.

Na-Fagge:
Allahu Akbar! "Ta rusuna ta gaishe ku." A rufe zaure haka nan, an ci kofi.

Malam Mai Aruli:
Wanga zance na ƙuruciya ne. Da hakanan abin yake, da mai waƙar giya sai ya kurɓa kamin ya ɗauki alƙalami. Mu'azu Haɗeja ya siffanta mashayi da zubewar mutuncinai, je ka auna waƙar ka gani in akwai ɗangon da ya yi tangaɗi.

Da Mu'azu ya zana mashayi can,
Bai sha ba, bale ya zubar da kari.
Shi mai shan ne ke yin layi,
Baitin ko na tsaye, ga ƙwari.

Ɗalibar Adabi:
Allah ya gafarta Malam, wane bahari ne, wato wane karin waƙa ne, wannan da kake hawa?

Malam Mai Aruli:
Mutadarik, ɗiyata. Ƙafa huɗu ga kowane ɗango. Auna ki gani.

Ɗalibar Adabi:
Na auna, ya zauna daram. Sai dai ina da 'yar magana.

Halilu ya zauna a Basra,
Bahari sha biyar ya tsara.
Wanda Malam ke hawa yanzu,
Ahfashu ne ya zo ya ƙara.
In an taɓa buɗe ƙofar nan,
Wa ya ce an rufe wa yara?

Malam Mai Aruli:
Ahfashu almajirin Sibawaihi ne, Sibawaihi almajirin Halilu. Abin da ya shigo ta hannun malamai ta ƙofa ya shigo. Kuma Ahfashu awo ya ƙara, bai ce a yar da ma'auni ba.

Na-Fagge:
Ni dai lissafi na iya. 11 sau biyu 22. Ashe ɗangon Takai ɗango biyu ne cif a cikin ɗaya. Awo ya cika har da gyara, Malam!

Malam Mai Aruli:
Ba a auna waƙa da ƙirgan gaɓa kamar buhun gero. Nauyin gaɓa da sauƙinta aka dubi.

Na-Fagge:
To wa ya fara ƙirgawa?

Uwar Biyu:
Na-Fagge, ka ji tsoron Allah, sa'an babanka ne.

Bazazzagiya:
Na dawo. Ɗan Birni, bashinka na nan, zan biya. Amma yau dole in tsaya kusa da Bakano, abin da ban taɓa zato ba.

Allah gafarta Malam, tambaya,
In ka yarda ka tsaya ka ji:
Makahon Zazzau, Aliyu Namangi,
Da ya zo tsara Infiraji,
Basra ya je ya auno ƙafafu,
Ko kunne ya kasa wa kiɗan Caji?
Almajirai na rera ta har yau,
Birni da ƙauye har daji.
Kari a kunne yake, Malam,
Ba fareti ba ne na soji.

Malam Mai Aruli:
Kin kawo mini shaida kina zaton kin kawo ƙara. Caji ma awo gare shi. Namangi ya ɗauki awon ya riƙe shi tun daga farko har ƙarshe, yana zancen mutuwa da kabari da tashin alƙiyama, ranar da uwa ka mance ɗanta. Akwai hargitsin da ya kai wannan? Amma muryatai ba ta karkace ba.

Makaɗi ko ya yi fushi ainun,
Ba zai sauya wa kiɗa tsari.

Ɗalibar Adabi:
Malam, ɗangonka na biyu "ba" ɗinsa ɗaya ce. Ina ta ƙarshe? Ka yanke ta don kari ya zauna?

Malam Mai Aruli:
Larurar waƙa ce. Malamai sun halatta.

Ɗan Birni:
Oho! In Malam ya yanke larura ce, in na ƙara laifi ne.

Mai Tawada:
Jama'a, maudu'i. Don Allah maudu'i.

Na-Damagaram:
Ku gafarce ni, rezo ya ƙi mu tun shekaranjiya, sai yanzu na ga abin da ake. Ban karanta rigimar ƙafafu ba, tsawo gare ta. Amsata ga Ɗan Birni da Bazazzagiya ce.

Kano na gasa da Zazzau
Kan wa ya fi iya rushe gidansa.
Ku matsa in ba ku na gaske,
Baƙon da ya zo mana daga nesa.
Kaftin biyu, ayarin bindiga,
Tafkin Cadi aka ce su isa.
Suka bi gari gari da wuta,
Birnin Ƙonni suka rusa.
A Lugu Sarauniya ta tsaya,
Ta nuna musu nan ba a wasa.
Labari ya kai Faris, aka aiko
Kanar ya tsai da wannan kisa.
Suka harbe shi, nasu ne kuwa,
Babbansu ya ce ya bar Faransa.
Kwana uku ne tsakani,
Sojansu suka kai su ƙasa.
Wanda ya zo da sunan tsari
Shi ne ya kasa riƙe kansa.

Shekarar 1899 ce, Voulet da Chanoine. Kanar Klobb suka kashe a Dankori a watan Yuli, su kuma sojojinsu suka gama da su a Maijirgi, wajen Tasawa. Abdoulaye Mamani ya mai da labarin littafi da Faransanci a 1980, ya sa masa sunan Sarauniya. Abin da ya kama ni a littafin shi ne inda ya ajiye haukan. Masu kaki da taswira da oda a rubuce su ne suka zare, 'yan ƙauyen da aka zo "wayarwa" su ne masu hankalinsu. Okonkwon Yaya Mai Tawada baƙo ne ya rikita masa gari, a nan baƙon ne da kansa ya rikice.

Uwar Biyu:
Tsigar jikina ta tashi. Wannan shi ne baitin mako, kowa ya yi haƙuri.

Na-Fagge:
Uwar Biyu, ɗazu kin ce Anti ta gama magana. Sau nawa ake gama ta?

Ɗan Birni:
Na-Damagaram, baitinka ya yi, ba ƙarya. Amma

Ka zo a makare kamar kullum,
Ka tarar an kwashe tabarma.
Da can in kun zo Kano da dawaki,
Ganuwa kuke gani ku koma.

Na-Damagaram:
Mun koma, amma da shanunku,
Tambayi kakanka, ya san Kuran Daga.
In ganuwa ce abin alfahari,
Mai tsoro ne ya fara gina ta.

Malam Mai Aruli:
"Daga" da "gina ta". Ina amsa-amon?

Na-Damagaram:
Yana hanya, Malam, rezo ne ya riƙe shi.

Ɗan Zongo:
Salamu alaikum daga Kumasi,
Ku buɗe mini ƙofa in shiga.
Kakanninmu fataken goro ne,
Babbar kasuwarsu tana Salga.
Rikicin sarauta na Gwanjawa
Ya tashe ta, aka ja daga.
Kanwa da goro suka zube,
Kowa ya tsira da 'yar riga.
Malam Umaru ya koma Karachi
Da alƙalami, ba bindiga.
Ya waƙe zuwan Nasara da Hausa,
Ya jera abin da ido ya ga.
Ku kuna faɗa kan gaɓa guda,
Ba mai ko leƙe ta taga.

Yaƙin Salga a 1892 aka yi shi, daga nan fatake suka watsu, zangogi da yawa a ƙasar nan suka cika. Imam Umaru haifaffen Kano ne, a Kete-Karachi ya rasu a 1934. Har annobar 1918 sai da ya yi wa waƙa. Ina son in ji ra'ayinku: mutumin da ya ga yaƙi, ya ga zuwan Turawa, ya ga annoba, me ya sa duk a waƙa ya zuba su?

Ɗan Birni:
Haifaffen ina? Maimaita da ƙarfi, Bazazzagiya ba ta ji ba. Ɗazu take tambaya ina waƙar Kanawa.

Bazazzagiya:
Sai da ya bar Kano tukuna basira ta zo masa. Ga bashinka:

Ka ce mun kasa riƙe "ce" ɗaya,
Kai ka kasa riƙe ɗango.
Mu harshenmu gado ne na Zazzau,
Kai naka zuba ce ta tsohon bango.
Ka tara barori da dawakai
Ka cusa su a baiti kamar zango.
In ka ga dama ƙara da raƙuma,
Da mai tallan fura da ɗan Kwango.

Na-Fagge:
Ɗan Kwango kuma? Me ya kawo shi Takai? Amsa-amo ya ƙare wa Anti, ta tafi aro har Kinshasa.

Uwar Biyu:
Ko daga ina ta aro, ya zauna. Ku dai ku ji da ayarinku.

Ɗalibar Adabi:
Bari in taimaki Yaya Mai Tawada. Duk kun tafi yaƙe-yaƙe, alhali maudu'in ya ce har da mutumin da ya kasa riƙe kansa. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930:

Ku bar birane ku duba zuciya,
Can ne ragama kan kuɓuce.
Saurayi ya so, ya sa rai,
Mai kuɗi ya zo ya ɗauke mace.
Ya shiga duniya neman sammu,
Imaninsa a hanya ya ɓace.
Bai jefi mijin ba, ya jefi ɗan,
Yaro ya tashi sai sace-sace.
Har hannunsa ya kai ga mahaifinsa,
Kibiya ta wuce inda aka ce.

Ba runduna a nan, ba Bature. Mutum ɗaya ne da ƙullin zuciya, kuma gida guda ya tashi.

Mai Tawada:
Madalla ƙanwata, Allah ya yi albarka. Irin wannan nake nema tun farko. Sauran kuma ku saurara:

Larabawa sun ba mu labari,
Bakar da Taglib, dangi ne ma.
Kulaibu ya ɗana kibiya
Ya harbi nonon wata raƙuma.
Jassasu ya rama da mashi,
Shekara arba'in ana fama.
Muhalhilu ya yi ta marsiyya,
Kuka da takobi duka ya kama.
Ku kuma ɗango ɗaya na Takai
Ya hana zauren nan zama.

Ɗan Birni:
Yaya, a fayyace. Ɗangona shi ne raƙumar, yana kiwonsa bai taɓa kowa ba. Wa ya harba?

Malam Mai Aruli:
Raƙumar da ta shiga hurumin da ba nata ba. Karanta labarin da kyau. Kuma Muhalhilu da Mai Tawada ya ambata, ɗan'uwanai anka kashe, ya yi kuka shekaru, amma da awo ya yi shi. Shi ya sa har yau aka karanta shi.

Bazazzagiya:
Malam, ka san ƙarshen Kulaibu dai ko?

Uwar Biyu:
Anti! A'a. Wannan ya yi yawa.

Bazazzagiya:
Tambayar tarihi ce kawai.

Na-Fagge:
Ga shawara. Tunda Anti ta ce kari a kunne yake, Malam ya ce a ma'auni, kowa ya rera nasa ya turo saƙon murya. Kunne ya raba gardama. Ɗan Birni, fara da na Takai.

Ɗan Birni:
Na tura. Ku saurara da adalci.

Bazazzagiya:
Na saurara har sau biyu.

Ya taso da ƙarfi daga Takai,
Ya wuce barori da kyar da kyar,
A kan dawakai murya ta shaƙe,
Bindigogi suka sha wuyar,
'Yan rakiya ko ba su iso ba,
Numfashi ya ƙare, an bar su a ƙofar.

Na-Fagge:
Tari ne ya sarƙe shi, kowa ya ji. A sake.

Ɗan Birni:
Ba tari ba ne. Wanda ya fita birni a guje haki yake yi. Shi ma da gangan ne.

Sabon Shiga:
Ni ma in turo nawa?

Ɗan Zongo:
Ni fa tambaya na yi tun jiya kan Imam Umaru, ba wanda ya amsa sai wanda ya ji an ce Kano.

Malam Mai Aruli:
Ɗan Zongo, za ni amsa maka in munka gama da wanga. Ni ba ni rera waƙa ga waya. Ɗan Birni, rubuto ɗangon nan ka raba shi ƙafa ƙafa, ka nuna mini inda ta huɗu ta ƙare.